Zarto Ɗaya, Hama Ɗaya: Me Ya Sa Aikin Sabon Kafinta Ke Karkacewa?

Hirar yau ta katako ce, kuma da ku nake, ku da ba kafintoci ba amma larura ta sa kuka ɗauki zarto da hama. Akwai makiyayin da ya gaji da ganin dusa na zubewa a ƙasa, ya ce bari ya haɗa wa tumakinsa komi. Akwai ɗan kasuwa mai son teburin baza haja, ko akwatin da zai ɗaure a bayan babur daga Jibiya zuwa Ɗan Isa. Akwai kuma matashin da ya fara taɓa sana'ar don ya samu abin yi da rani. Kukan duk iri ɗaya ne: an auna, an yanka, da aka zo haɗawa abu ya ƙi haɗuwa. Murfi bai zauna ba, teburi na rawa, ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsawo. Daga nan sai mutum ya dubi zartonsa na araha ya ce ai laifin kayan aiki ne, da yana da inji irin na manyan kafintocin Maraɗi ko Katsina da ba haka ba.

To ɗan'uwa, ni ban yarda da wannan ba. Inji yana rage gumi, gaskiya ne, amma idan layin da ka ja a karkace yake, injin zai bi shi a karkace, cikin sauri ma. Yawancin ɓarnar sabon hannu tana faruwa ne kafin haƙorin zarto ya taɓa katako, kuma maganinta bai kai kuɗin buhun dusa ba.

Bari mu fara da matsalar da ta fi damun mu mazauna bakin iyaka, wato awo iri biyu. A Nijar da santimita da mita ake magana. A Najeriya, ko da yake gwamnati ta koma awon mita tun shekarun 1970, kasuwar katako har gobe da inci da ƙafa take ciniki: tu-bai-tu, tu-bai-fo, falanki mai faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12, ƙusa 'yar inci 2, 'yar inci 3. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya kuma 30.48. Mutane kan yi lissafin baki su ce inci biyu da rabi ne, ƙafa talatin ce. A ɗan guntun abu babu laifi. Amma ka ɗauki falanki mai ƙafa 12: idan ka lissafa ƙafa a 30, ka ce tsawonsa 360, alhali ya kusa 366. Ka ga an yi asarar kusan santimita 6, faɗin yatsu uku ke nan. Fallen filawud da ake ce wa ƙafa 4 da ƙafa 8, shi kuma 122 da 244 ne, ba 120 da 240 ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. A ce kana Konni, ka buga wa kafinta waya a Illela ka ce masa akwati kake so, sittin da arba'in. Kai santimita kake nufi, shi inci ya ji. Ranar da ka zo ɗauka sai ka tarar da abin da sai dai a amalanke. Don haka duk lambar da za ta fito daga bakinka, ka haɗa ta da sunanta. Kuma ka dubi tef ɗinka da kyau, yawancinsu fuska biyu gare su, inci a sama, santimita a ƙasa. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai har aiki ya ƙare. Akwai ma wani tef na tela da ke shigowa daga Sin, wanda lambobinsa ke kama da inci amma awon can ne, kowane ɗaya santimita 3.3. Gane shi ba wuya: a tef na gaskiya, inci 1 yana faɗawa ne dab da santimita biyu da rabi.

Wani abu game da tef na ƙarfe. Ɗan ƙugiyan da ke bakinsa yana motsi, kuma sababbin hannu da yawa kan ɗauka lalacewa ce, su sa hama su danne shi. Kada ka yi. Da gangan aka bar shi yana wasa daidai kaurinsa, don awo ya zo ɗaya ko ka maƙala shi a bakin katako, ko ka tokare shi da bango. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka fara aiki da tef ɗinka ka ƙarasa da na maƙwabci, domin na araha ba kullum suke yarda da juna ba.

Ni dai in za ka bi tawa, ka rage dogaro da lamba gaba ɗaya. Masassaƙan da ke fafe turmi da sassaƙa ƙota ba su san tef ba, kuma ƙotar tana shiga hannu daidai. Ka samo sanda miƙaƙƙiya, busasshiya, ka kai ta wurin da abin zai zauna. In akwatin babur ne, ka ɗora ta a kan kariya ka tsaga alama da wuƙa. In kanta ce ta kwalabe, ka tsayar da kwalbar kanta jikin sandar ka yi alama, ka ƙara faɗin yatsu biyu don hannu ya samu shiga. Duk awon aikin ya hau kan sandar nan guda. Ba ta san inci ba, ba ta san santimita ba, kuma kana iya ba direba ya tsallaka da ita ya kai wa kafinta. Haka nan in ƙafafu huɗu za ka yanka, ka auna ta farko kawai, sauran ukun ka kwafa daga jikinta. Daga ta farkon fa, kowace. In ka kwafi ta biyu daga ta farko, ta uku daga ta biyu, kuskure na hawa kan kuskure har ta huɗu ta fita daban.

Sai maganar cin zarto. Garin katakon da ke zuba ƙasa, ai katakonka ne. Zarton hannu yana cinye milimita 1 zuwa 2 a kowane yanka, na inji kusan 3. Mutum zai shimfiɗa falanki ya ja layi biyar a jere, ya bi kan layukan ya yanke, sannan ya yi mamakin yadda babu guntun da ya cika awo. Ka ja layi ɗaya, ka yanka, sannan ka auna na gaba daga sabon bakin. Kuma zarto ya bi gefen layi ta ɓangaren da za ka yar, ka bar layin a jikin abin da kake so. Ka yi ɗan gicciye da fensir a ɓangaren yarwa don kada ka rikice. Fensirin ma a fere shi. Layin dakusasshen fensir ya kai kaurin bakin zarto, to a ina cikin layin za ka bi? In kana son aiki mai tsabta, ka ja layin da bakin wuƙa. Zarto na samun ɗan kwarin da zai zauna, bakin katako kuma ba ya yagewa. Ka zagaya da layin har gefen katakon, domin yawancin karkata a kauri take faruwa: sama daidai, ƙasa ta zarce.

Yanzu kusurwa, inda akwati ke samun ƙafar ungulu. Sikwayar araha sau da yawa ita kanta ba daidai take ba, kuma kana iya gwada ta tun a gaban mai shago. Ka jingina ta da bakin katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka kifa ta ɗaya ɓarin ka sake ja daga wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, saya. In sun buɗe baki kamar almakashi, ajiye masa abarsa. Wanda ba shi da sikwaya kuma bai rasa komai ba. Takarda in ka ninka ta, ka sake ninkawa bakin ninkin ya hau kan kansa, kusurwar da ta fito daidai take. Don babban aiki, kamar kafa rumfa a kasuwa ko garkar awaki, akwai lissafin 3, 4, 5 da magina ke amfani da shi. Daga kusurwa ka auna 3 a gefe ɗaya ka yi alama, ka auna 4 a ɗaya gefen ka yi alama. In tsakanin alamomin biyu ya ba ka 5 cif, kusurwa ta tsaya. Ko da me ka auna, ɗaya ne: mita 3, 4, 5, ko santimita 30, 40, 50, ko tsawon sandar kiwonka sau uku, sau huɗu, sau biyar.

Kafin ka buga ƙusar ƙarshe a akwati ko firam ɗin ƙofa, ka ɗauki zare ka auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta a gicciye, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Muddin gefunan da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya, to zaren biyu in sun zo daidai, akwati ya miƙe. In ɗaya ya fi, ka matsa kusurwoyin dogon a hankali har su daidaita, nan take ka buga ɗan katako a gicciye ya riƙe. Katakon gicciyen nan, ku 'yan kasuwa, shi ne ran teburi. Teburin da ake lodawa a mota duk mako, ranar Alhamis yana Maigatari, wata rana yana wata kasuwar, ba yawan ƙusa ke hana shi rawa ba. Firam mai kusurwa huɗu yana iya kwantawa gefe ko an cika shi da ƙusa, mai kusurwa uku kuwa ba ya motsi.

Amma ko ka yi duk wannan, akwai abin da zai iya kunyata ka bayan wata biyu, shi ne ruwan da ke cikin katakon. Itace yana shan danshi yana fitarwa har bayan an sare shi da shekaru. Katakon da ake lodowa daga kudancin Najeriya, irin su afara da malaina, sau da yawa ɗanye yake isowa, daga ƙasa mai laima zuwa ƙasarmu da hunturu ke fasa leɓe. Yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rage santimita 1 ko fiye. Shi ya sa komin da aka haɗa a watan Satumba babu ko kafar allura, zuwa Janairu sai ka ga dusa na tsiyaya ta tsakanin falankan. Mai shi kuma ya zauna yana zargin hannunsa. Da damina labari ya juya: ƙofar da aka yi cif-cif da hunturu sai ta kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa. In da rani kake aiki, ka bar wa ƙofa da murfi ɗan sarari, kamar kaurin kwabo ɗaya ko biyu.

In ka sayo katako, kada ka taɓa shi ranar. Ka jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗage daga ƙasa saboda gara, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki, ka ɗora dutse a sama. Kada ka jingina shi da bango a rana. Fuska ɗaya za ta riga ɗaya bushewa, ya kantare ko ya tsage. Yaya za ka san ya bushe? Ku masu sikeli kun huta. Ka ware falanki ɗaya ka riƙa ɗora shi bayan kwana uku-uku kana rubuta nauyinsa. Ranar da nauyi ya daina sauka, katako ya yi. Wanda kuma aljihunsa bai kai sabon katako ba, tsofaffin akwatunan kaya sun riga sun bushe, sai dai a cire ƙusoshinsu tas kafin zarto ya hau. Itacen gida ma, kowa ya san halinsa: kirya da marke ƙarfi kamar ƙarfe, suna lanƙwasa ƙusa, maɗaci da dalbejiya sun fi daɗin aiki. Sai dai sare ɗanyen itace ba da izini ba yana haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji a ƙasashen biyu, kuma ba makiyayi za a gaya wa amfanin gawo a tsaye ba.

Mu dawo kan kayan aikin da ake ɗora wa laifi. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, yana da kaifi? Zarton da ya dakushe sai ka danna shi, in ka danna ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe ya bar layi. Zarto iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai haƙora baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, an ƙona bakinsu sun yi tauri. Yana ci sosai yana sabo, amma magagari ba ya kama shi, in ya mutu ya mutu. Akwai wanda haƙoransa launinsu ɗaya da jikinsa, wannan ana wasa shi da ƙaramin magagari mai kusurwa uku, ya yi maka shekaru. Ga mutumin da ke daji ko ƙauye, na biyun ya fi. Ka kuma duba haƙoran ta tsawo: ɗaya ya karkata dama, na gaba hagu, daidai wa daida. In na ɓari ɗaya sun fi buɗewa, zarton zai riƙa janka can kome ƙwarewarka. Ka goga masa kyandir ko busasshen sabulu a jiki, ka riƙe shi sakwa-sakwa da manuniya a miƙe jikin mariƙin, ka fara da ja baya sau biyu ko uku kafin ka tura. Nauyinsa ya ishe shi ci.

Rabin karkatar yanka kuma daga motsin katako take. Abin matse katako na kanti yana da tsada, amma ku da kuka iya ɗaurin kaya a kan jaki da raƙumi, wa zai koya muku matsewa? Ka zagaya igiya sau biyu, ka sa guntun sanda a tsakiya ka murɗa, za ta matse firam har ya yi ƙara. Robar tsohon tiyub in an yanka ta a tsaye tana riƙe ƙananan abubuwa har gam ya kama. Benci mai ƙarfi da gwiwarka a kan falanki sun isa yanka. Maƙerin garinku zai iya fitar maka da kurfi daga tsohon sifirin mota ko mataccen magagari, kuma sau da yawa ya fi na kanti riƙe kaifi. In kuɗinka na abu ɗaya ne yau, ni zan ce ka sayi magagari da dutsen washi kafin ka yi tunanin zarto na biyu.

Kada kuma ka wahalar da kanka a inda ba a bukata. Turke da shingen garke ba su damu da santimita ɗaya ba. Murfi, aljihun teburi da ƙofa su ne ke son milimita. Teburin da ke rawa ma, kafin ka kama yanke ƙafa, ka matsar da shi wani wuri, don ƙasan kasuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kuma da yawa an gajarta teburin kirki a banza. In ka tabbata ƙafar ce, ka tsayar da shi a kan daɓen siminti mai kyau, ka cusa 'yan ɓaraguzai har ya daina motsi, ka kwantar da fensir a kan ɗan siririn katako ka zagaya kowace ƙafa da shi. Ka yanke a kan layukan nan, sau ɗaya.

Ƙusa kuma tana tsaga katako ne saboda tsininta yana raba zaren itacen kamar yadda gatari ke yi. Ka juya ta ka ɗan daki tsinin da hama ya dakushe, sai ta huda maimakon ta raba. Kada ka jera ƙusoshi a kan zare ɗaya, kada ka matsa bakin katako sosai. A itace mai tauri ka fara huda rami, ko da ƙusar da ka cire wa kai ce. Tsawonta ya kai kaurin katakon sama sau biyu da rabi zuwa uku.

Ku makiyaya, a nan maganar ta wuce kyan aiki. Saniya ba ta tantance abin da ta kwasa da harshe, haɗiyewa take. Ƙusa ko guntun waya in ya shiga, yana sauka ne a sashen tumbi da ke dab da zuciya, kuma yana iya huda shi ya taɓa ta. Dabba ta daina ci, ta gantsare baya, tana nishi in za ta kwanta, nono ya ragu, wani lokaci sai dai wuƙa. Saboda haka a komi, ka buga ƙusa daga waje, duk wadda ta leƙo ciki ka lanƙwasa ta ka nutsar da bakinta cikin katako, ka riƙa shafawa da hannu lokaci-lokaci domin katako in ya tsuke ƙusa na sakin jiki. Baƙin man inji da ake shafa wa ginshiƙi don gara, kada ya kusanci abin cin dabba, suna lasa kuma guba ne. Haka katakon akwatin da ya ɗauko maganin feshi. Kuma kada ka yi aikin a cikin garke. In ka gama, ka samo maganaɗisun tsohuwar sifika ka ɗaura masa igiya, ka ja shi a ƙasa duk inda ka tsuguna, ka ƙirga abin da ya kwaso ka zuba a gwangwani mai murfi.

Mai tambaya a kan komi ko teburi ya aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni, ya faɗi awonsa, ya kuma faɗi ko inci ne ko santimita.